Uwar Madugu Ba Ta Birgima

Ranar sadakar ukun Gwaggo, wadda ta fara ɓata mini rai wata tsohuwa ce daga unguwar Maamobi. Ta zauna kusa da ni a tabarma, ta kama hannuna, ta ce, "Allah ya jiƙan shi. Allah ya yafe mishi wasan da ya yi da yarinta." Na ce amin, don ba a musu a gidan makoki. Amma abu biyu suka tsaya mini a wuya. Gwaggo ta ƙare rayuwarta a Nima, zangonmu a nan Gana inda Hausarmu ba ta raba mace da namiji, tana faɗa da mutane kan su daina ce mata "shi", ga shi kwana uku kacal da binne ta an koma. Sannan matar nan na san ta. Da idona na sha ganinta a sahun gaba, tana share majina da gefen mayafi saboda wannan wasan da yanzu take nema wa gafara.

Tana tashi wasu 'yan mata uku suka durƙusa gabana. Suka yi gaisuwa a gurguje, sai ɗaya ta ce, "Anti, ke ne uwar madugu na cikin kaset, ko? Mun kalla sau biyar. Lallai Hajiya ya koya miki da kyau." Na ce musu na gode, su matsa can ana rabon waina.

A wajen maza kuwa, ƙarƙashin rumfar da aka kafa a lungu, liman ya yi ta yabon marigayiya da cewa mace ce mai haƙuri, marar yawan magana. Babana, wanda shi ne ƙaninta, ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Mutane suka yi ta ba shi haƙuri, suna zaton kuka yake yi.

Mutum ɗaya ne ya faɗi abin da ya yi kama da ita. Wani dattijo ne da idonsa ya kusa tafiya, shi ne yake fitowa a alƙali a zamanin da suke wasan. Ya sa aka kira ni bakin zaure, ya ce, "'Yata, shekara goma ina yi mata tambaya ɗaya a gaban jama'a. Na san amsar, da ni aka haddace ta. Amma duk ranar da na tambaya sai gabana ya faɗi." Ya yi addu'a, ya lalubi sandarsa ya tafi.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Babu hoton Gwaggo ko ɗaya a kan dandali, babu kaset, babu komai. Abin da ya rage a hannun mutane nawa ne, wanda ta tsana, kuma idan na yi shiru yaran gobe za su ɗauka abin da na yi shi ne abin da ta yi.

Gwaggo yayar babana ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara shida. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata", ko da zagina take yi. Goro take sayarwa a kasuwar Nima, sana'ar da ta gada daga ubansu, wanda ya zo daga ƙasar Kano da ƙafa. Daga wurinsa ta gaji Hausar da take taƙama da ita. Idan mai saye ya ce mata, "Hajiya, nawa kake sayar?" sai ta waiga bayanta ta ce, "Wane ne kake? Ban ga namiji a rumfar nan ba." Tana da tsaki kala uku, kuma duk gidanmu mun san bambancinsu. Akwai gajere na ƙuda da yara, akwai matsakaici na farashin mota, akwai dogo wanda take ajiyewa don aikin da aka yi da ganganci.

Wasan kuwa tsoho ne, ya girme ni. Wani malamin makaranta a unguwar Adabraka ne ya tsara shi daga labarin da fatake ke bayarwa. Wani madugu ne ya ɗauki baƙon falke amana a cikin ayarinsa. A mashigin wani kogi suka yi husuma, madugu ya buge shi, ya tura gawar a ruwa. Duk ayari suka rantse cewa ruwa ne ya ci baƙon. Amma uwar madugu tana cikin tafiyar, ita ke dafa musu abinci, kuma ta je ɗiban ruwa a daidai lokacin. Da matar mamacin ta kai ƙara, alƙali ya tambayi kowa, ya bar uwar a ƙarshe. Ta faɗi abin da ta gani, aka kashe ɗanta. Iyakar labarin ke nan.

Da farko namiji ne ke fitowa a uwar, kamar yadda 'yan konsat, masu wasan barkwanci, ke yi, ya cusa tsumma a ƙirji ya maƙale murya. Wata Sallah a farkon shekarun saba'in Gwaggo ta je kallo, ta zauna tana ta jan dogon tsakin nan, har ta kasa daurewa. Ta miƙe a tsakiyar mutane ta ce, "Malam, uwar wa ka taɓa ji tana magana kamar akuya ta maƙale a shinge?" Malamin da ya tsara wasan ya fusata, ya ce in ta iya ta zo ta yi. Mako biyu bayan nan ta je. 'Yan'uwan mijinta suka tayar da ƙura, shi kuwa mijin, direban babbar mota ne mai sanyin hali, ya ce shi dai bai taɓa hana ta abu ta hanu ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba.

Ina 'yar shekara tara na fara ganinta tana yi, bayan la'asar, a farfajiyar wata makaranta. An haɗa tebura an shimfiɗa tabarmi, shi ne dandalin. Ba ta fito daga bayan labule ba. Daga can bayan 'yan kallo ta taso, tana ratsa mu a hankali, sanye da tsohon zane baƙi, har ta hau. Alƙali ya tambaye ta, ta yi shiru. Ya sake tambaya, ta kwance bakin zanenta ta sake ɗaurewa. Da ya tambaya na uku sai ta ce, "Na gan shi." Ba ta ɗaga murya ba, amma na bayan fili ya ji. Ba ta dubi ɗan ba, ba ta kira sunansa ba. Da aka yanke hukunci, abu ɗaya ta roƙa. Ta ce, "Allah ya gafarta malam, tun safe bai ci komai ba." Daga nan ta juya wa jama'a baya ta tsaya cik, har aka fita da shi. Bayan nata kawai muke gani, amma manyan maza sun yi ta goge ido da hula. Kwana da kwanaki wasu mata suka ƙi sayen goronta, wai ba za su ci daga hannun wadda ta ba da ɗanta ba. Ta ce wannan ne yabon da ya fi mata daɗi.

Yunwa da dokar hana fita ta zamanin soja suka watsa ƙungiyar. A shekarun nan ne kuma ɗanta na fari, Yaya babba kamar yadda muke kiransa, wanda ya tafi Legas neman aiki, ya rasu a hanyar dawowa lokacin da aka koro 'yan Gana. Zazzaɓi ya kama shi a kan iyaka, abokansa suka binne shi can, suka kawo mata jakarsa. Ta karɓa, ta ce Allah ya saka musu da alheri, ta tambaye su ko sun ci abinci. Ba wanda ya ga hawayenta. Mata suka yi ta raɗa cewa wasan ya shige ta, zuciyarta ta bushe. Ni ma, ina budurwa a lokacin, haka na ɗauka.

Farkon shekarun casa'in bidiyo ya cika gari. Kowane lungu akwai ɗakin kallo da benci da talabijin. Ɗan kawuna, wanda nake kira Yaya, yana da kamarar da yake ɗaukar biki da suna, sai ya ce zai mai da wasan uwar madugu fim. Ya fara zuwa wurin Gwaggo. Ta tambaye shi ina jama'a za su zauna. Ya ce babu jama'a, kamara kawai za ta duba. Ta ce ita ba ta haukace ba da za ta tsaya tana ba akwati shaida. Sai ya zo wurina. Ina da shekara ashirin da takwas, da aure da 'ya'ya biyu, kuma duk maganar wasan tana kaina tun ina yarinya. Na yarda, ban shawarce ta ba.

Ranar farko na yi yadda na ga tana yi. Na tsaya, na yi shiru, na juya baya. Yaya ya sauke kamara ya ce, "Wannan me? Mutum zai biya kuɗi ya kalli ƙeyarki?" Ya nuna mini abin da ya ɗauka, kuma gaskiyarsa, ba komai a ciki. A fili, mutum yana ganin jikinka gaba ɗaya, yana jin numfashin na kusa da shi ya tsaya, shirun ya yi nauyi. A cikin talabijin kuwa fuskata ce ta cika gilashi, kamar ta wadda ke jiran mota a tashar Circle. Ya ce kuma ba Hausawa kaɗai za su kalla ba, akwai ƙabilar Asante, akwai ƙabilar Ga, akwai yaran Zango da ba su san wata kunyar ɗan fari ba, za su ce matar muguwa ce kawai. Don haka aka shafa mini man zafi a ƙarƙashin ido, aka zuba mini hoda a gashi, na yi kururuwa, na yi birgima a ƙasa, na riƙe ƙafar alƙali, na yi ta kiran sunan ɗan. A ƙarshe Yaya ya ƙara nasa, ya sa fatalwar madugu ta fito cikin farin likkafani ta ce ta yafe wa uwarta.

Fim ya karɓu, ba zan ɓoye ba. Har tsayar da ni ake yi a hanya. Gwaggo ba ta ce komai ba sai wata Asabar da rana, ta yafa mayafi ta ce in raka ta ɗakin kallo a Kotobabi ta ga abin da ake ta surutu a kai.

Ban taɓa shan wuya irin ta awa biyun nan ba. Ana nuna ayari ta ce da ƙarfi, "Huhunan nan babu komai a ciki. Dubi yadda yake lilo da shi. Huhun goro ya fi ɗan maraƙi nauyi." Aka ce mata shhh. Ta ce, "Wancan ba turken lantarki ba ne a bayansu? Tun kafin Bature ya zo suka ja wuta?" Alƙali ya fito da agogo a hannu, ta tambayi na kusa da ita ƙarfe nawa a wurin malam. Wani ya ce da Turancin titi a fitar da tsohuwar nan, wani ya ce masa ya kama bakinsa, bai san ko wace ce ba. Da matar mamaci ta ce "uwar madugu ya zo", Gwaggo ta dafe kai. Amma da na fito ina birgima, sai ta yi shiru. Ko tsaki ba ta yi ba har aka gama. Wannan ya fi tsorata ni.

Sai da muka koma gida ta zauna tana tsintar goro a kan jiƙaƙƙen ganyen fita da ake naɗe shi a ciki, sannan ta ce, "Uwata, wa ya aike ki?"

Na ce mata mutane sun so shi.

Ta ce, "Mutane suna son faɗan karnuka ma. Ɗan fari ne fa. Wace uwa ce take wage baki ta kira sunan ɗan farinta a gaban alƙali? Kin yi kukan duka ke kaɗai, ba ki bar wa masu kallo ko ɗigo ba. Na duba ɗakin nan, gyaɗa suke ci."

Na maimaita mata bayanin Yaya, na kamara da na fuska. Ta ce in akwatin ba zai iya ɗaukar mace tana tsaye ba, a mai da shi wurin biki. Ta ce abin da ya fi ƙona mata rai shi ne fatalwar. "Matar nan ta san babu mai yafe mata a duniya, ta kuma faɗa. Ku kun kawo gawa ta lallashe ta. To me ta yi ke nan? Kowa ma zai faɗi gaskiya in ya san za a shafa masa kai."

Na gaji, na ji kunya, kuma ina ganin ta raina abin da na yi alfahari da shi. Sai na ce, "Gwaggo, ba kowace uwa ce kamar ke ba. Ke da aka kawo miki jakar Yaya babba ko ƙwalla ba ki yi ba."

Hannunta ya tsaya a kan goro. Ta ɗauki ɗaya, ta juya shi, ta ajiye a cikin masu kyau. Ta ce, "To, an ji." Ta tattara ganyenta ta shiga ɗaki.

Wata bakwai ba ta yi mini magana ba. In na gaishe ta takan amsa wa bango. In tana da saƙo sai ta ba babana, ko da ina tsaye a wurin. "Ka gaya wa 'yarka yaronta yana tari, ta daina ba shi ruwan ƙanƙara." Ni ma na yi taurin kai, na ce ai ita ta fara. Babana ne ya zaunar da ni wata rana ya ce, "Kin san wa yake wanke kayan da ke cikin jakar nan duk shekara kafin azumi? Kin taɓa tambayar me ya sa take shanya a cikin ɗaki?" Ban taɓa lura ba, shekara goma ina shiga ina fita a gidan. Na so in je in ba ta haƙuri, na kasa samun bakin farawa.

Ana cikin haka wan mijina ya tara dangi. Ya ce fuskar matar gidansu tana manne a bangon kowane ɗakin bidiyo, 'yan tasha na nuna ta da yatsa, ko dai in rantse ba zan ƙara ba in kuma nemi gafarar gidan, ko in koma gidan ubana. Mijina ya bar wa wansa maganar, don shi ne ya yi masa aure. Ina durƙushe a tsakar gida sai na ji sallamar Gwaggo. Ban san wa ya gaya mata ba. Ta shigo, ba ta dube ni ba, ta ja kujera ta zauna a gaban mutumin.

Ta ce, "Alhaji, na ji an ce 'yata ta yi abin kunya. A ina?"

Ya fara bayani. Ta bar shi ya gama, ta ce, "Na ga fim ɗin da idona, daga farko har ƙarshe, Allah ya ba ni ladan haƙuri. Jikinta a rufe yake, ba namijin da ya taɓa ta. Labarin kuwa na matar da ta ƙi rantsuwa a kan ƙarya ne, in akwai haram a ciki ka nuna mini. Ni na yi shi shekara goma, mahaifiyarka tana zuwa kallo da kujerarta. Laifin yarinyar nan ɗaya ne, ba ta iya ba. In kuwa rashin iyawa yana kashe aure, da Nima babu sauran mai mata."

Wani daga cikin dattawan ya tuntsire da dariya, maganar ta mutu a nan. Muka fito tare. Na buɗe baki zan yi godiya, ta ce, "Gyara ɗankwalinki, kina tafe kamar wadda aka koro." Ita ce maganar farko da ta yi mini a wata bakwai, kuma daga ita muka ci gaba kamar ba a yi komai ba.

Haka take. Ba ta taɓa yabon girkina ba, amma kwanon gidana kaɗai take cinyewa. Ta hana Yaya shiga rumfarta shekara biyu, amma da kamararsa ta lalace ita ta haɗa shi da wani mai gyara a Adabraka, tana cewa a gyara masa ya koma ɗaukar amare, can ba ya cutar kowa. Har ta tsufa, in wani ya ce mata ya ga fim ɗin, sai ta ce, "Sannu, Allah ya ba ka lafiya." Na sha gaya mata cewa ba don kaset ɗin nan ba da yanzu ba yaron da ya san labarin. Takan ce gara a manta da mutum da a tuna da shi yana birgima. Har yau ban yarda da ita gaba ɗaya ba. Har yau kuma ban iya kallon kaina a ciki ba.

Ciwon ajalinta ya ɗauki wata uku, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere. Ni nake jinyarta. Wata safiya ina shafa mata man kaɗanya a ƙafa, na ga in ban faɗa yanzu ba ba zan ƙara samu ba. Na ce, "Gwaggo, maganar da na faɗa miki a kan Yaya babba. Shekara shida tana cina. Ki yafe mini."

Ta dubi rufin ɗaki. Sannan ta ce, "Ni ma na so in yi kukan, Uwata. Na ga in na fara babu mai tsayar da ni, ga ku kuna jiran tuwo." Ta numfasa. "Wannan na yafe tun a ranar, kafin in kai bakin ƙofa. Ciwo ne dai ya hana ni magana."

Na kifa kaina a kan ƙafarta ina kuka. Ta bar ni na ɗan lokaci, ta ɗora hannu a kaina. Can sai ta ce, "Fim ɗin kam ban yafe ba. Shafa ɗaya ƙafar."

Kwana tara bayan nan ta cika, da hantsi, babana yana riƙe da hannunta. Allah ya haskaka kabarinta, ya sada ta da ɗanta, ya sa ta samu can komai an yi shi yadda ya kamata.